Tsoho da Sitiyari

Babu ranar da ta fi ɗaci ga tsohon direba kamar ranar da 'ya'yansa suka karɓe makullin mota. Ba su yi laifi ba, ido ya raunana, hannu na rawa. Amma daga nan sai dattijo ya koma kan tabarma, magana ta ragu, mantuwa ta ƙaru.

Shi ya sa wani bincike na Amurka ya tsaya mini a rai. A 2013 mujallar Nature ta buga aikin Adam Gazzaley da abokansa na Jami'ar Kalifoniya. Sun ƙirƙiro wasan kwamfuta mai suna NeuroRacer, wato mutum na tuƙi kan hanya mai kwane-kwane, alamu na ɓullowa, in ya ga wadda aka ce masa sai ya danna. Tsofaffi masu shekara 60 zuwa 85 suka yi awa 12 cikin wata guda, sai ga shi wajen haɗa aiki biyu sun fi samarin da ba a horar ba, kuma bayan wata 6 abin bai gushe ba. Yanzu har tabarau ake ɗaura wa tsoho ya ga titi kewaye da shi, ko da yake wasu jiri ke kwasar su.

Kawuna ya shekara 30 yana jan tirela daga Kano zuwa Ikko. Ba na zaton wasa zai maye masa gadar Jabba, ko shayin tasha da asuba. Amma in aka miƙa masa sitiyari, ko na ƙarya ne, na tabbata zai gyara zama, ya yi bisimilla, ya tambaya ina yaron mota.