Kunya da Ƙirgen Kwanaki

Hausawa kan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Watakila shi ya sa wata ɗaliba ta shekara tana fama da jiri da ciwon mara, amma duk sa'ad da likita ya tambaye ta ranar da ta ga al'adarta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ban riƙe ba." Alhali kuwa tun tana budurwa take ƙirga kwanakin nan saboda salla da azumi.

Yayarta ce ta ba ta shawarar ta riƙa rubutawa, watau ranar zuwan jini, ranar ɗaukewarsa, yawan audugar da ta canza, da tsananin ciwon. Bayan wata 3 ta miƙa wa likita littafin, ba ta ce uffan ba.

Nan take ya lura jinin yana kai kwana 10, ga shi kuwa galibi ba ya wuce 7. Awo ya nuna ƙarancin jini, hoto kuma ya nuna ƙari a mahaifa, aka fara magani.

Kunyarta tana nan yadda take. Abin da bakinta ya kasa faɗa, takarda ta faɗa.