Tafin Hannun Auta

A unguwar Na'ibawa, can bayan kasuwar 'Yan Katako, akwai wata mata da ta haifi ɗanta na takwas tana da shekara 43. Mijinta lebura ne a wata masana'antar jima da ke Challawa, yakan fita da asuba, ba ya dawowa sai bayan magariba, don haka ba shi ne ya fara lura da yaron ba. Ungozoma ce. Da ta ɗaga shi za ta yi masa wanka, sai ta ji jikin ya saki laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta yi shiru, ta ci gaba da aikinta.

Ranar suna kuwa mata suka yi ta karɓar jariri, kowacce ta duba ta miƙa wa ta kusa, ba a jin komai sai "Allah ya raya". Fuskarsa shimfiɗaɗɗiya ce, karan hanci a kwance, idanu sun ɗan ɗage sama daga gefe. Kunnuwa ƙanana, wuya gajere da tattarar fata a ƙeya, harshe kuma yana yawan leƙowa. Da taro ya watse, uwar miji ta faɗi abin da sauran suka haɗiye, ta ce wannan ɗan ruwa ne.

Mai karatu ya san nauyin wannan kalma a ƙasar Hausa. Wanda aka kira ɗan ruwa an riga an fitar da shi daga jinsin mutane, an ce aljanu ne suka yi musanya. Sa'an nan laifin yakan koma kan uwa, wai ta yi wanka da almuru, ko ta ratsa bakin rafi da ciki. Matar nan ta yi ta laluben ranar da ta yi kuskure, ba ta samu ba. Aka shiga hayaƙi da rubutu da jiƙe-jiƙe har wata biyar, alhali Auta bai tsai da wuya ba, in ya kama nono sai gumi ya karyo masa, numfashi na fita sama-sama.

Babbar 'yarta ce ta matsa, suka hau a-daidaita-sahu zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ba shi da nisa da su a kan titin Zariya. Likita ya buɗe tafin hannun yaron, ya nuna musu zane guda ɗaya da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, inda yawancin mutane ke da biyu. Ya nuna ɗan ƙaramin yatsa da ya lanƙwasa ciki, da tazarar da ke tsakanin babban yatsan ƙafa da mai bi masa. Ya ce, "Mama, ɗanki ne, babu wanda ya musanya shi. Amma sai mun duba zuciyarsa."

Abin da likita ya gani shi ne lalurar da wasu ke kira galahanga, wadda likitoci ke laƙaba wa sunan John Langdon Down, Baturen Ingila da ya bayyana kamanninta a 1866. Dalilinta bai fito fili ba sai 1959, lokacin da Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka gano shi a Faransa. Kowace ƙwayar halitta ta ɗan'adam tana ɗauke da zaren gado 46, masu suna kuromozom, a jere biyu-biyu. Mai wannan lalura yana da 47, domin na 21 ya zo uku. Tun ranar shigar ciki abin yake faruwa, kafin uwa ta yi wani wanka da almuru. Yawan shekarun uwa yana ƙara yiwuwarsa, musamman bayan 35, ko da yake 'yan mata ma suna haifa. Ba kuma ciwon Turawa ba ne: wani bincike da aka buga a 1982 ya sami ɗaya cikin haihuwa 865 a asibitin jami'ar Ibadan.

Zanen hannu shi kaɗai ba hujja ba ne, akwai masu lafiya da ke da shi. Gwajin jini ke tabbatarwa. Haɗarin yana inda ido ba ya kaiwa, don kusan rabin irin waɗannan yara da tawayar zuciya ake haifarsu. Hoton da aka ɗauka ya nuna huda a zuciyar Auta. Wata biyar ɗin da aka yi ana turara hayaƙi a kan kamannin fuska, zuciyar ce ke wahala.

Suka dawo gida da magunguna da ranar komawa. Da dare 'yar ta zauna gaban kakarta ta ce, "Iya, kin ji abin da likita ya ce." Tsohuwa ba ta amsa ba. Ta karɓi yaron, ta matsa kusa da fitila, ta daɗe tana dubansa, ta shafa kansa. Can ta ce goshin nan dai na marigayi Malam ne.