Mutum Biyu A Gefe Ɗaya Na Raga

Duk mai bin labarin wasan tanis a rediyo ko talabijin ya san sunan Federer da Nadal da Djokovic. Amma in ka tambaye shi su wa suka ci gasar maza 'yan bibbiyu, sai ka ji ya yi tsit. To, mu malaman makaranta wannan ɓangaren ne ya fi jan hankalinmu, domin kullum aikinmu da yara ne masu zama bibbiyu ko uku-uku a benci ɗaya, wani lokaci ma littafi ɗaya ne a gabansu.

Bari mu fara da yadda wasan yake. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne. Idan mutum ɗaya ne ke karawa da ɗaya, faɗinsa mita 8.23 ne, idan kuwa bibbiyu ne sai ya koma 10.97. Wato an ƙara mutum guda a kowane gefe, amma ƙarin filin bai kai mita 3 ba. Saboda haka ƙwallo ba ta jiran kowa. Ɗaya yana baya zai fara bugu, abokinsa yana tsaye dab da raga, ya sa hannu a bayansa ya nuna masa da yatsa ko zai tsallaka ko zai tsaya inda yake. Na baya ya amsa da kalma ɗaya. Daga nan na gaba ba ya waiwayowa, ya riga ya ba da amanar bayansa. Wurin da ya fi haɗari shi ne tsakiya, inda kowa ke iya zaton ƙwallon na ɗan'uwansa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa ƙwararru suke yawan aika ƙwallo ta nan.

A watan Satumba na 2010, a wasan ƙarshe na babbar gasar Amurka, wato US Open, a birnin Niyu Yok, an haɗu da irin abota biyu. A gefe ɗaya akwai Bob da Mike Bryan, tagwaye 'yan Amurka, ɗaya bahago ɗaya mai bugu da dama. Kafin su yi ritaya a 2020 sun ci kofuna 119 tare, 16 daga ciki a manyan gasanni huɗu na duniya. Waɗannan ciki ɗaya suka fito, ba abin mamaki ba ne su san motsin juna. A ɗaya gefen kuwa Rohan Bopanna ne ɗan Indiya da Aisam-ul-Haq Qureshi ɗan Pakistan, dukansu haihuwar watan Maris na 1980. Ƙasashensu sun gwabza yaƙi a 1947 da 1965 da 1971, suka sake taɓawa a Kargil a 1999, kuma kowacce ta gwada makamin nukiliya a 1998.

Tagwayen ne suka yi nasara, 7-6 da 7-6, kowane turmi sai da aka kai ga bugun raba gardama. Amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne jakadun Indiya da Pakistan a Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zauna kusa da juna suna mara wa 'yan wasa ɗaya baya. Bayan wasan Qureshi ya karɓi makirfo ya roƙi jama'a su daina yi wa mutanen ƙasarsa kallon 'yan ta'adda, alhali a lokacin ambaliyar ruwa ta raba miliyoyinsu da gidajensu. Ba wannan ne karon farko da ya ɗauki irin wannan kaya ba. A 2002 ya yi wasa a Wimbledon tare da Amir Hadad ɗan Isra'ila, suka kai zagaye na uku, a gida aka yi masa barazanar dakatarwa, bai fasa ba.

Kada mu yaudari masu karatu. Wasan tanis bai sasanta rikicin Kashmir ba, a watan Mayu na 2025 ma ƙasashen biyu sun yi kwana huɗu suna harbin juna. Su kansu abokan sun rabu a ƙarshen 2011, kowa ya nemi wani. Abin da muka ɗauka daga labarinsu ƙarami ne, amma yana da amfani: mutum yana iya koyon dogara da wanda aka raine shi da jin cewa maƙiyi ne, muddin an ba su aiki ɗaya wanda in ɗaya ya fāɗi ɗayan ma ya fāɗi. Kuma irin wannan wasa yana tsawaita ran ɗan wasa. A Janairun 2024 Bopanna ya ci gasar Ostareliya tare da Matthew Ebden, ya zama na ɗaya a duniya yana da shekara 43, wato tsaranmu.

Yanzu mu dawo aji. Takardar sakamakon jarrabawa tana da gurbin na ɗaya da na ƙarshe, ba ta da gurbin yaron da ya zauna bayan tashi ya koya wa abokin bencinsa rabawa. Uba in ɗansa ya dawo, tambayarsa ta farko ita ce, "Na nawa ka zo?" Duniyar tanis ma haka take, kuɗin da ake ba masu wasan bibbiyu bai kama ƙafar na mai wasa shi kaɗai ba, balle ga shi sai an raba biyu. Yaro kuwa abin da ya ga ana yabawa shi yake bi. Shi ya sa muke ganin mai ƙoƙari yana rufe littafinsa da hannu, kuma in aka ce kowa ya zaɓi abokin aiki, sai ya nufi ɗan unguwarsu ko mai jin yarensu.

Wasu daga cikinmu mun soma haɗa yara da kanmu, muna ba su aiki ɗaya da maki ɗaya. Makon farko sai ƙara da gunaguni, mai ƙoƙari ya ce an haɗa shi da kaya. Kafin ƙarshen zango sai ka ga shi ne ya fi gane darasin, domin wanda ya yi bayani da bakinsa ba ya saurin mantawa, na baya kuma ya daina jin kunyar tambaya. Doka ɗaya muka aro daga filin tanis: ko an ci ko an ɓata, sai an tafa hannu kafin a ci gaba, ba a ɗora wa abokin aiki laifi a gaban mutane.

Roƙonmu ga iyaye shi ne, ranar da aka raba sakamako ku tambayi na nawa ya zo, wannan haƙƙinku ne. Amma ku ƙara da tambaya ta biyu: "Wa ka taimaka wa, wa kuma ya taimake ka?" In ya ambaci sunan da ba irin na gidanku ba, ku ce ya kawo shi ku gan shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yaranmu kuwa jinka mai nauyi ke jiransu.