Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nawar Intanet ta Layin Tarho

Sanin kowa ne cewa kafin wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, mai son shiga intanet daga gida ko ofis galibi sai ya bi ta layin tarho, watau wayar girke. Layukan ƙasar duka a lokacin ba su kai 500,000 ba, saboda haka malami ko ɗalibin da ya sami layi ya sami abin alfahari, sai dai kuma ya gamu da nawa. Kowane minti kuɗi ne, ga wasiƙar da yake jira daga wata jami'a ta ƙi buɗewa. A irin wannan hali mutum yakan ɗora wa kwamfuta laifi, har ya shiga tunanin sayen sabuwa, alhali kuwa sau da yawa ba a nan gizo yake saƙa ba.

Asalin al'amarin shi ne, don muryar ɗan Adam aka yi layin tarho. Na'urar da ake kira modem ita ce take juya bayanan kwamfuta su zama sauti, 'yar'uwarta da ke can gefen ta mayar da su yadda suke. Kukan nan da ake ji yayin haɗuwa kuwa ciniki ne na'urorin biyu suke yi, suna gwada layin har su daidaita a kan saurin da zai iya ɗauka. Iyakar wannan sauri a 1996 bit 33,600 ne a daƙiƙa, sa'an nan a 1998 ya kai 56,000. A kan wannan, takarda mai megabait 1 takan sauka cikin minti biyu da rabi, amma idan layi ya yi ƙara ciniki ya faɗi zuwa 14,400, sai ta ci fiye da minti tara.

Don haka gwanin gyara da kunne yake farawa. Yakan ɗauki kan tarho ya danna lamba ɗaya domin amon layi ya ɗauke, ya kasa kunne. In ya ji ƙaraf-ƙaraf ko gurnani, ya san tsatsa ta ci mahaɗin waya, ko kuwa ruwan damina ya shige shi, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Daga nan ya cire duk wani tarho ko na'urar faks da ke kan layin, ya ajiye doguwar igiyar da aka ja daga ɗaki zuwa ɗaki, ya haɗa modem da gajeruwa. Har ila yau yakan kashe tsarin jiran kira, tun da ƙararsa tana iya tsinke haɗuwa baki ɗaya. Bayan wannan ya gwada da asuba, sa'ad da jama'a ba su cunkushe ba. In sauri ya ƙaru, to, laifin cunkoso ne a wurin mai sayar da intanet. Sai an gama duk waɗannan ake waiwayar kwamfuta.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gyara, kamar nisan gida daga ofishin haɗa layuka, wanda ba shi da magani sai haƙuri.

Yau wannan hanya ta zama tarihi, har kamfanin AOL na Amurka, wanda ya yi suna da ita, ya rufe tasa a ƙarshen Satumba 2025. Amma tarbiyyar da ta bari tana da amfani ga duk mai nazari: a fara da abu mafi kusa kuma mafi araha, a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, kada a yanke hukunci sai an saurara.