Izini Tun Kafin Dare Ya Yi

Da cikin ƙanwarmu ya shiga wata tara, mun tanadi zannuwa, sabulu, kanwar kunu da itacen wankan jego, har ragon suna mun ɗaure. Ranar da naƙuda ta zo, maigidanta ya tafi fatauci, babu wanda ya isa ya ce a kai ta asibiti. Ita kuwa kunyar haihuwar fari ta rufe mata baki, ta kwana biyu a kan gwiwa. Sai da aka yi mata aiki, da ƙyar aka ceto su.

Yanzu tun wata bakwai muke karɓar izinin miji, mu ware kuɗin mota, mu san wanda zai ba da jini. In muka ga zubar jini, kumburin fuska, matsanancin ciwon kai ko jijjiga, ba ma jiran asuba.