Gonar Baba da digirin Turai

Ranar da na faɗa wa Baba ina so in je Turai in yi digiri na biyu a fannin hada-hadar kuɗi, bai tanka ba sai da ya idar da alwala. Sannan ya ce, "In dai karatu ne, ga gonar bakin rafi nan, sai a sayar." Gonar nan ita muke ci, ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannena uku. A daren nan na kasa barci, domin maganar da na yi da baki kawai, shi ya riga ya ɗora mata farashi.

Ina aji uku a jami'a, ina karanta ilimin tattalin arziki, burina kuma in yi aikin banki. A bayan littafina na jera makarantun da sunansu ke tashe: LSE a Landan, HEC a kusa da Paris, Bocconi a birnin Milan na Italiya, da St. Gallen a Suwizalan. Gaskiya ban zaɓe su don na san abin da suke koyarwa ba, sunan ne kawai ya ɗauke ni.

Da aka yi hutu na kai wa Kawu jerin, shi da ya daɗe yana aikin banki a Kaduna. Ya duba, ya ajiye, ya ce, "Ɗana, wane irin aikin banki? A wace ƙasa? Wa zai biya?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya yi dariya ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, in je in yi bincike in dawo.

Binciken ya ci mini wata biyu. Na fara gane cewa aikin banki kala-kala ne. Akwai bankin da muka saba gani, mai karɓar ajiya da ba da rance. Akwai bankin zuba jari, wanda ke taimaka wa kamfanoni da gwamnatoci su tara kuɗi ta hanyar sayar da hannun jari ko takardun bashi. Akwai babban banki, mai kula da darajar kuɗin ƙasa. Akwai kuma bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Yawancin makarantun da na jera suna shirya ɗalibai ne don bankunan zuba jari na Landan da Frankfurt. Ni kuwa da na tambayi zuciyata, abin da ke burge ni shi ne sukuk, irin wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, na Naira biliyan 100, don gina hanyoyi. Ashe ma Birtaniya ta riga mu, ta fitar da nata tun 2014.

Na biyu, tsawon karatu. A Ingila digiri na biyu yawanci shekara ɗaya ne, a Jamus da Italiya kuwa shekara biyu. Da farko na ɗauka gajeren ya fi, tunda za a rage kashe kuɗi. Amma manyan bankunan Landan suna buɗe neman ma'aikata ne tun wajen Satumba da Oktoba, wato ɗalibi bai gama sanin hanyar aji ba, an fara tantancewa. Mai shekara biyu yana da dogon hutu a tsakiya da zai yi koyon aiki a banki, kuma sau da yawa daga nan ake ɗaukar mutum.

Na uku, abin da ke biyo bayan karatu. Jamus tana ba wanda ya gama wata 18 ya nemi aiki, Holan shekara ɗaya. Ko da da Turanci aka koyar da kai, ayyuka da yawa a Frankfurt ko Paris suna so ka ji harshen ƙasar.

Sai babbar magana, kuɗi. Kuɗin karatun fannin nan a LSE ya haura fam dubu 40, ban da haya da abinci. A canjin da na yi lissafi da shi, wajen Naira 2,000 kowane fam, ya wuce Naira miliyan 80. Ko an sayar da gonar Baba sau biyar ba za ta kai ba. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin da ake biya kowane zango. Cikinsu akwai Jami'ar Goethe da ke Frankfurt, birnin da Babban Bankin Turai yake. Sai dai kafin a ba ka biza, dole ka nuna kuɗin zaman shekara guda, wanda a 2024 aka mayar da shi Yuro 11,904. Akwai tallafin karatu irin su DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da Chevening na Birtaniya, wanda ke neman shekara biyu ta aiki, kuma sharaɗinsa ka dawo gida bayan ka gama.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lissafi. Makarantun nan da dama suna neman jarrabawar GMAT ko GRE, kuma suna duba makin da ka ci a lissafi da ƙididdiga. Ni kuwa a SS2 kujerar baya nake zama in malamin lissafi ya shigo, da ƙyar na tsira da C6 a WAEC. Yau ga ni da gemu ya fara tsirowa, ina aron littafin ƙanena ina bitar abin da na raina. Ƙannena 'yan sakandare, wanda ke sha'awar banki a cikinku ya riƙe lissafi da Turanci tun yanzu, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na koma wurin Kawu da amsoshina uku, daga nan na wuce wurin Baba na roƙe shi ya bar gonarsa. Na ce zan dage in fita da sakamako mai kyau, in yi bautar ƙasa, in yi aiki shekara biyu a banki a nan gida, ina koyon Jamusanci da yamma, sannan in nemi tallafi. In an samu, alhamdulillahi. In ba a samu ba, ban jefa kowa cikin yunwa ba.

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." Bana shinkafa ya shuka a gonar, kuma hutun nan ni zan taya shi girbi.