Fenti ne ƙarshe, ba shi ne farko ba

Da zarar an sa ranar biki ko Sallah ta kawo jiki, sai ka ga gidajen unguwa sun ɗau sheƙi. An kira mai fenti, an canza ƙofar waje. Ruwan Agusta na sauka, fentin ya kumbura daga gindin bango ya fara ɓarewa, maigida ya hau faɗa wai jabu aka sayar masa. Sau da yawa fentin ba shi da laifi. Bangon ne ke shan ruwa.

Ga masu son tsaya wa gyaran gidansu da kansu ba tare da ɗan kwangila ba: wahalar ba ta ɗaukar cebur ba ce, ta sanin abin da ke gaba da wani ce. Ni a ganina ruwa ne farko. Ka leƙa cikin silin da tsakar rana. Duk inda ka ga haske na shigowa ta kwano, nan ruwa ke bi. Ka caki katakon rufin da ƙusa. In ta shige ba gardama, gara ta riga ka, sai a canza shi, sabon kuma a shafe shi da baƙin mai. Ka duba inda indararo ke zuba. In a gindin katanga ne, ko fentin da ya fi kowane tsada ka shafa, asara ce. A gyara magudana, a yi daɓe ya gangara waje.

Daga nan sai abin da ke shiga cikin bango, wayar wuta da bututun ruwa. Abin takaici ne a gama filasta sumul, washegari mai wayarin ya iso da guduma da kurfi. Mai wayarin da mai aikin famfo su fara gama fashe-fashensu, a saki ruwa a ga ba ya yoyo, sannan birkila ya rufe. Wuta kam a bar wa mai ita, ba wurin gwada basira ba ne.

Siminti ba ya son gaggawa. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma satin farko yana buƙatar ban ruwa safe da yamma, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da filasta kafin ta kama, ta bi ta tsattsage. Wannan aikin ba sai ka biya lebura ba, kai da yaranka kun isa. Kada kuma a shafa fenti bango bai bushe ba, ko da amarya na bakin ƙofa.

Maganar kuɗi. Duk wanda ya yi gini a farkon 2024 ya tuna yadda buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa, lissafin mutane ya watse. Shi ya sa wasu ke saye su jibge. Rodi da tayil da kwano suna jure ajiya, siminti kuwa in ya sha danshi dutse yake zama, don haka a ɗora shi kan katako, nesa da bango, kuma kada ya daɗe. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano sayen kaya, tafi da awonka a rubuce, ka zaga shaguna kafin ka ciro kuɗi. Tayil kuma ka ƙara 'yan kwalaye a kan lissafi, domin in ya yanke, wanda za ka samo daga baya da wuya launinsa ya zo daidai.

Jinga ko kuɗin yini? Mai jinga sauri yake ya tafi wani aikin, mai yini kuma ba ya son aikin ya ƙare. Na fi karkata ga jinga, amma gaɓa-gaɓa: a gama rufi, a duba, a biya. Ka tsaya lokacin kwaɓi, nan ne yashi ke yawa siminti ya yi layar zana. Da yamma a ƙirga buhunan da aka zazzage a gaban kowa, ba don zargi ba.

In iyali na cikin gidan, ɗaki ɗaya ake tayarwa a gama, kuma kada a fasa banɗaki sai an tanadi wani. Kicin kuwa, a tambayi uwargida tsayin kanta da inda famfo zai zauna tun kafin a aza bulon farko, ita ce za ta tsaya a wurin kullum.